Karatu da Hawan Igiyar Ruwa: Abin da Masu Horarwa da Iyaye Suka Tsayar

Masu horar da yara hawan igiyar ruwa a Kokrobite, wani gari a bakin teku kusa da Accra a Ghana, da wasu iyaye daga unguwannin Nima da Mamobi sun tattauna yadda yara za su haɗa karatu da wannan wasa, sun kuma fi daɗewa a kan batun lokaci. Teku ta fi kyau da sassafe, kafin iskar rana ta taso ta dagula igiyar ruwa. Sai dai daga Kaneshie a Accra zuwa Kokrobite a trotro, wato motar haya, ga cunkoson motoci a mahaɗar Mallam, yaro ba zai shiga ruwa ranar makaranta ya kuma isa aji kan lokaci ba. Shawararsu: Asabar bayan sallar asuba, awa biyu a ruwa, Lahadi a bar wa makarantar Islamiyya.

A gama aikin gida daren Juma'a, domin wanda ya yi awa biyu yana tuƙa allon hawan igiyar ruwa da hannu, da ya buɗe littafi barci zai kwashe shi. Sauran kwanaki a yi gudu da motsa kafaɗa na minti 20 a unguwa.

In jarrabawar BECE ko WASSCE ta matso, wata biyu kafin nan a ajiye allon. Wasu iyayen sun so a fi haka.

Kada yaro ya shiga ruwa shi kaɗai, ko ba igiyar da ke ɗaure allon da ƙafarsa. In ruwa ya ja shi ciki, ya riƙe allonsa ya tuƙa gefe, kada ya yi kokawa da ruwan.