Randone da Hausa: ni dai na tsaya kan kilisar dutse

Salam ƴan uwa. Na karanta duk amsoshin da kuka turo tun jiya kan tambayar da na yi, mi za mu ce wa randone da Hausa, watau fita da ƙafa zuwa duwatsu don nishaɗi, na gode ƙwarai. Ga wanda bai ga farkon zancen ba: ranar Lahadi bayan sallar asuba mu shida muka fita da ƙafa zuwa duwatsun bayan garin Damagaram, ba igiya ba komi sai bidon ruwa da dabino a aljihu, muka hau muka zauna sama muna hangen unguwannin Birni da Zango har rana ta fara zafi muka sauko. Da na shigo gida Inna ta ce daga ina, na ce randone muka je, ta ce mine ne kuma haka? Wallahi abin ya tsaya min a rai. Duwatsun Damagaram ne fa, waɗanda muka buɗe ido muka gani har tsakiyar Birni, su ne ma suke wahalshe mu wajen haƙar rijiya, kuma ƙarancin ruwan nan na cikin abin da ya sa aka maida babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, amma a ce hawansu don nishaɗi ba shi da suna sai da Faransanci?

Mafi yawanku kun ce hawan dutse. Ba laifi, kowa zai gane, sai dai ya yi nauyi. In ka ce hawan dutse mutum zai zata irin na Bagzan ne can Ayar, inda tsauni ya haura mita 2000, ko masu ɗaura igiya a kugu. Namu kuwa rabin tafiyar a ƙasa ake yinta, ka bi gefen gonaki, ka ratsa ta tsakanin manyan duwatsu, hawan kansa bai fi minti ashirin ba, har yaro ɗan lakwal yana iyawa.

Yawon dutse kam ban yarda ba. Ku gwada faɗa wa mahaifi kun tafi yawo ku ji amsarsa, kalmar ta riga ta ɓaci da yawon banza.

Wani ɗan uwa daga Kano ya kawo tattaki, ya ce su can wasu matasa haikin suke cewa da Turanci in za su Dala ko Goron Dutse, shi ma bai so. Na daɗe ina juya tattaki, don tafiyar ƙafa ce tsantsa. Amma tattaki akwai wuya a cikinsa da wata buƙata a ƙarshe, mutum ya taka daga nan har Mirya don ya gaida wani ko ya kai kuka, shi ne tattaki. Mu ba mu je neman komi ba.

Sai wata Hajiya ta rubuto kalma guda, kilisa. Ranki ya daɗe, kin gama magana. Kilisa ita ce a fitar da doki ya motsa jiki ya sha iska a dawo da shi, ba yaƙi ba hawan salla ba, kuma duk wanda ya girma kusa da fadar Sarkin Damagaram ya san ta. Motsa jiki, shan iska, komawa gida, ai abin da muka yi ke nan. Wani ya ce to ai ba doki. Gaskiya ne, amma mota ma hawanta muke, kalma tana bin zamani, kuma da ma akan ce mutum ya fita kilisa ko da ƙafa ne.

Don haka kilisar dutse. In tafiyar ta kwana ce mai nisa kamar zuwa duwatsun Kutus wajen Gure, a nan sai in yarda da ɗan uwa na Kano a ce tattakin dutse.

Da daddare na gwada wa Inna, na ce Lahadi mai zuwa za mu kilisar dutse. Ba ta tambayi ma'ana ba, cewa ta yi ku sa takalmi rufaffe saboda kunama, ku sauko kafin hantsi. Mai son zuwa ya yi magana, bayan asuba za mu tashi.