Abin da Aka Tattara kan Kwas ɗin Fashin Teku

Ga taƙaitaccen abin da aka faɗa cikin raha game da ƙagaggen ƙaramin kwas na fashin teku a jami'a.

1. Kusan kowa ya amince a fara da tuƙin jirgin ruwa da wasan takobi, tunda jami'ar MIT ta Amurka ma tana ba da takardar shaidar ɗan fashin teku ga ɗalibin da ya haɗa waɗannan biyun da harbin kibiya da na bindiga.
2. Darasin tarihi zai tsaya kan yankin tekun Karibiyan da shahararren ɗan fashin teku Blackbeard, wanda aka kashe a 1718.
3. An rabu kan lissafin rabon ganima: wasu suna so a wajabta shi, wasu kuma suna tsoron ɗalibai su yi wa malami tawaye kafin jarrabawa, kuma tsoron nasu yana da hujja.
4. Horar da aku, tsuntsun da ake nuna 'yan fashin teku da shi a labarai, bai samu magoya baya sosai ba.