Zangon aikinmu ba ya kaiwa ƙarshe: laifin tsarin ne ko namu?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga wannan harka.

Mu biyar ne a wani ɗan ofis a nan Sakkwato, muna gina wa dillalan albasa manhajar waya: buhu nawa ya shigo daga Goronyo ko Wurno, nawa aka loda zuwa kudu, wa ya ɗauki kaya bashi, wa ya biya. Mu uku ke rubuta manhajar, wata ƙanwarmu tana tsara fuskarta, mutum ɗaya yana gwaji. Wata huɗu ke nan da muka ɗauki tsarin Scrum, wata hanyar tafiyar da aikin tawaga, muka yanka aikin zango-zango, kowane zango mako biyu. Har yau ba mu kammala ko ɗaya yadda muka tsara shi ba.

Ga yadda abin ke tafiya. Litinin mu zauna mu zaɓi ayyukan zangon. Laraba da dare sai ga saƙon murya daga Alhajin da ya zuba kuɗinsa, a ƙara wurin lissafin kuɗin mota. Alhamis ƙanensa da ke zama a kasuwa ya kira, shi rasit yake so, kuma yanzu. Taron safe da aka ce minti 15 ne yakan ci awa guda, don da zarar Alhaji ya leƙo kowa sai ya juya yana ba shi bahasi. Mutumin nan sa'an mahaifina ne. Da wane baki zan ce masa ya jira zango mai zuwa?

Abin yana damuna ƙwarai, domin yaran nan sun iya aiki, amma ina ganin gajiya a fuskarsu. Shin tsarin ne bai dace da irin zamanmu ba, ko mu ne ba mu riƙe shi daidai ba?

Injiniya daga Arkilla:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai ka cire wa Alhaji laifi. Mutum 17 da suka taru a Snowbird, jihar Yuta ta Amurka, a watan Fabrairun 2001 suka fitar da sanarwar Agile, wato aƙidar gina manhaja kaɗan-kaɗan da Scrum ke tafiya a kai, cikin abubuwa huɗu da suka fifita akwai karɓar canji a kan bin tsari sau da ƙafa. A ƙa'idojinsu 12 ma sun ce a yi maraba da sabuwar buƙata ko da aiki ya yi nisa. Ɗan kasuwar da ya kwana ya tashi da sabon tunani, kasuwa ce ta nuna masa wani abu. Inda gizo ke saƙar shi ne tunanin nasa ba shi da ƙofar da zai bi ya shigo, shi ya sa yake haurowa ta katanga.

A Scrum matsayi uku ne kawai: mai kaya, mai kula da tsari, da masu gini. Mai kaya shi ke riƙe da jerin ayyukan manhaja, shi ke cewa wannan ne a sama, wancan a ƙasa. Jagorar Scrum da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta, wadda suka sabunta a 2020, ta faɗa ƙarara cewa mutum ɗaya ne, ba kwamiti ba. Ku kuwa biyu gare ku, Alhaji da ƙanensa, kuma ba na jin ɗayansu ya san an ɗora masa wannan nauyi. Jirgi ɗaya, matuƙa biyu, ina za a dosa?

Ka sami Alhaji a gida, ba a ofis gaban yara ba. Ka roƙe shi ya zaɓi mutum ɗaya da maganarsa za ta zama ta ƙarshe. Ni da ƙanen zan so, tunda shi ke wuni da dillalai. Duk saƙon muryar da ya shigo a rubuta shi a jerin nan take, a nuna wa Alhaji an rubuta. In ya ce lallai sai a wannan zangon, a tambaye shi cikin ladabi: "Alhaji, wanne za mu sauke mu ɗora wannan?" Dillalin albasa ya fi kowa sanin mota tana da iyakar lodi. Tsarin bai hana a sasanta da mai kaya a tsakiyar zango ba, abin da ya hana shi ne canjin da zai rushe burin zangon.

Taron safe kuwa na masu gini ne, su duba inda suka kwana su shirya aikin yau. Wurin Alhaji shi ne taron nuni na ƙarshen zango. Ka gayyace shi can da girmamawa, ka miƙa masa wayar ya danna da hannunsa.

'Yar Runjin Sambo:

Yaya na Arkilla ya gama magana kan mai kaya. Ni abin da ban ji ka ambata ba shi ne zaman waiwaye, wanda ake yi bayan kowane zango a duba yadda aka yi aiki tare. Kuna yinsa kuwa?

Na tambaya ne don na zauna a tawagar da nake mace ɗaya tilo kuma ƙaramar kowa. Ana cewa "akwai mai magana?" sai a yi tsit, ni ma in sunkuyar da kai, alhali na san allon shigar da kaya da muka gina ya yi wa mutane wuya. Kunya tarbiyyarmu ce, ba na son a raba mu da ita, amma ta ci mana wata biyu. Abin da ya warware mana shi ne takarda. Kowa ya karɓi 'yan ƙananan takardu uku ya rubuta abin da ya tafi daidai, abin da ya cije, da abu ɗaya da yake so a canza, ba suna. A zuba a hula a gauraya, mutum ɗaya ya karanta. Ranar farko takardu huɗu cikin shida abu ɗaya suka faɗa. Daga nan muke ɗaukar gyara ɗaya tak mu shiga da shi zango na gaba.

Sannan don Allah ku fita daga ofis. Ku kai wayar rumfar dillali da rana tsaka a watan Afrilu, ku ga ko rubutun yana karantuwa cikin hasken nan, ku ga yadda mai ƙura a yatsa yake fama da ƙaramin maɓalli yayin da mutum uku ke yi masa ciniki. Wasunsu ajami suka fi sabawa da shi a kan boko. Ƙanwar nan mai tsara fuska ita ya kamata ta fara zuwa, tare da wani daga cikinku.

Ɗan Gawon Nama:

Ni hwa ban ga dole sai Scrum ba. Mu huɗu ne, kuma rabin aikinmu gyaran abin da ya lalace wurin masu amfani ne, ba ya jiran mako biyu. Da munka gaji sai munka koma Kanban, tsarin bin aiki da kati a allo, wanda asalinsa daga masana'antar Toyota ta Japan yake, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da kati wajen sarrafa tafiyar kaya. Farin allo munka rataya, layi uku: na jira, na hannu, na gamawa. Doka ɗaya ce, layin tsakiya ba ya wuce kati uku. In maigida ya zo da sabon aiki shi da kansa yana ganin babu gurbi sai an gama wani. Kuma allo ba ruwansa da an ɗauke wuta ko intanet ta yanke.

Amma ko wane kunka bi, ku zamna ku yarda kan mi ake nufi da "an gama". Mu sai an gwada a ƙaramar waya mai araha, an kashe data an ga yana aiki, kana mu matsar da kati.

Ɗan Mabera:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan sallar Isha'i na je gidan Alhaji kamar yadda Yaya ya ce. Na yi zaton zai ji haushi, sai ya ce shi dama bai san saƙonninsa suna tsayar da wani aikin ba, yana turowa ne don kada ya manta. Ya amince ƙanensa ya riƙe jerin, shi kuma zai riƙa zuwa nuni ranar Alhamis ta ƙarshen kowane zango.

Zaman waiwaye ba mu taɓa yi ba, Anti, sai dai gobe in sha Allahu. Na sayo takardun. Za mu ƙara zango biyu a kan Scrum, in bai zauna ba mu gwada allon Malam na Gawon Nama. Abin da ya rage mini shi ne mai kula da tsari. Ni ne nake yi, ni ne kuma nake rubuta rabin manhajar, kuma idan aiki ya matse tsarin nake fara saki. Akwai wanda ya taɓa haɗa biyun a tawaga ƙarama irin tamu?