Rana biyu a aji, uku a gida: wane suna za mu raɗa wa wannan makaranta?

Jama'a barkanmu da warhaka. Kalmar da muke ta juyawa tun da aka kawo ta nan, muna neman mata suna da Hausa, ita ce wadda Amurkawa ke kira haibirid homskul, wato tsarin da yaro ke karatu wasu ranaku a aji, wasu a gida. Kowa ya kawo tasa shawarar, na bi su ɗaya bayan ɗaya, yanzu zan faɗi inda na tsaya da dalilina. Sai dai tunda sai an ga jariri ake raɗa masa suna, bari mu fara duba abin kansa.

A Amurka doka ta yarda iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida, kuma tun 1993 babu jihar da ta hana a cikin jihohi 50 ɗin ƙasar. Iyalan Kirista masu yawa sun rungumi wannan hanya tun shekarun 1980, don suna son tarbiyyar 'ya'yansu ta zauna a hannunsu. Amma ba kowace uwa ce za ta iya ɗaukar dukkan darussa ita kaɗai ba, daga tsara manhaja har gyara jarrabawa. Shi ya sa a 1992 wasu iyalai a garin Arlington na jihar Texas suka kafa makarantar Grace Preparatory Academy, suka ari salon jami'a: ɗalibi ya zo aji wasu ranaku, sauran ranakun ya yi karatunsa a gida. Daga nan irin waɗannan makarantu suka yi ta yaɗuwa. Da korona ta zo abin ya ƙara ƙarfi, domin hukumar ƙidayar Amurka ta ce gidajen da ke karantar da yara da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar a 2020 zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen shekarar.

Ga ƙananan yara, abin da aka fi yi shi ne rana biyu a aji, sauran a gida. Wasu makarantun Litinin da Laraba, wasu Talata da Alhamis.

Abin da nake so mu riƙe, domin a kansa duk gardamar take, shi ne malamar aji ce ke tsara karatun mako gaba ɗaya, har da na ranakun gida. Uwa ba ta zauna ta ƙirƙiro darasi daga kanta ba. Kafin mako ya shiga, makaranta ta turo mata takarda, ko a buge ko ta intanet, an jera mata abin da za a yi kowace rana.

Ku ɗauki yaro ɗan shekara 6 a aji ɗaya. Ranar Litinin a makaranta malama ta koya musu sabon sauti, a ce baƙaƙen nan biyu da ake haɗawa su ba da "sh". Ta nuna musu yadda ake tara lamba biyu jimlar ta haura goma, ta ba su labari daga Littafi Mai Tsarki, ta ɗora musu ayar haddacewa ta makon. Ranar Talata yaron yana gida. Bayan an karya kumallo an yi addu'a, uwa ta share teburin cin abinci, ta buɗe takardar ta ga: a maimaita ayar, a karanta kalmomin da ke da wannan sauti, yaro ya kwafi jimla ɗaya da rubutu mai kyau, a yi shafi kaza na lissafi da ƙirgen wake ko 'yan sanduna, a karanta masa labari ya maido shi da bakinsa. Kowane darasi gajere ne, minti 15 ko 20, don ɗan shekara 6 ba ya zama wuri ɗaya fiye da haka hankalinsa bai gudu ba. Abin da aka gama uwa ta sa alama a gefe, inda ya cije ta rubuta wa malama. Laraba ya koma aji da takardunsa a jaka, malama ta duba ta ɗora daga inda aka tsaya. Idan uwa ta yi sake ranar Talata, ranar Laraba za a gani a bakin yaron, babu ɓoye-ɓoye.

Wanda ya yi makarantar allo zai gane wannan tafiya ta koyon karatu, babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa. Lissafin aji ɗaya kuwa a yawancin jihohinsu ya ƙunshi tarawa da ɗebewa zuwa 20, da ƙirge zuwa 120, da sanin goma-goma da ɗai-ɗai, da duba agogo.

To yanzu sunayen da aka kawo.

Mafi yawanku "makarantar gida" kuka ce. Suna ne mai kyau, amma yana da mai shi. Shi ne ya dace da tsarin da yaro ba ya zuwa aji sam, uwa ce malama, ita ce hedimasta. Idan muka ba wannan tsari sunan, ranar da muka zo fassara labarin da ya ambaci su biyun tare za mu rasa bakin magana. A bar "makarantar gida" inda take.

"Lesin" kuma ba sai an daɗe a kansa ba. A wurinmu lesin ƙari ne bayan an tashi makaranta, ana ɗauko malami daga waje a biya shi. Nan kuwa ranar gida ita kanta ranar makaranta ce, ana lissafa ta cikin kwanakin karatun shekara.

Yaya, kai ne ka kawo "makarantar ruwa biyu", kuma na ga hikimarka, domin asalin kalmar Turancin daga nan ta fito, daga haɗa iri biyu na shuka ko dabba. Abu biyu suka hana ni bin ka. Mu mutum muke ce wa ruwa biyu, wanda uwarsa da ubansa ba jinsi ɗaya ba, kuma ba kowa ke jin daɗin a kira shi haka ba. Sannan ka gwada faɗin "makarantar ruwa biyu" a Kano ko Zariya ka ga abin da mai sauraro zai ɗauka. Zai ce ai makarantar da ta haɗa boko da addini ake nufi, tunda irinta ce muka sani ta haɗa abu biyu. Wannan kuwa wuri biyu ta haɗa, karatun ɗaya ne. Sunan da zai kai mutum wata hanya tun daga jin farko, sai an bi shi da dogon bayani, bai yi aikinsa ba.

Wanda ya ce "haɗin gambiza" da wanda ya ce "raba ƙafa", ina roƙonku mu ajiye su. Duka biyun hukunci ne. Na farkon yana cewa haɗin bai yi ba, na biyun yana cewa iyayen ba su yarda da ko ɗaya ba, suna laluben inda za ta fisshe su. Mutanen nan kuwa da gangan suka zaɓi abin, suna biyan kuɗin makaranta, kuma galibi ɗaya daga cikin iyayen na rage aikin albashi ko ya ajiye shi don ya zauna da yaro. Mai fassara ba ya soka ra'ayinsa cikin suna ya miƙa wa mai karatu. In kana da suka, kuma akwai abin suka, misali tsarin ya fi ƙarfin gidan da uwa da uba duk sai sun fita nema, to ka faɗa a fili cikin jimlarka.

"Rabon kwana" kowa ya san gidan da take, ta aure ce, ba za ta fito daga can ba.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "makarantar karɓa-karɓa", wadda Malama ta kawo. Malama, Allah ya ƙara basira, domin kalmar tana da daɗin faɗi kuma ta kama motsin abin, yau aji ya karɓi yaro, gobe gida ya karɓa. Na jima ina auna ta. Abin da ya sa na sake ta shi ne yadda siyasa ta riga ta rina ta. Idan aka ce mulkin karɓa-karɓa, wanda ya karɓa shi ke da wuƙa da nama har wa'adinsa ya cika, ba ya bin tsarin wanda ya sauka. A wannan makaranta kuwa ragama ba ta barin hannun malamar aji. Ko ranar da yaro ke gida, takardarta ake bi. Ga kuma wani ruɗanin na kusa: a makarantun gwamnati da ɗalibai suka yi wa yawa muna da 'yan safe da 'yan rana, kuma wani na iya ɗaukar karɓa-karɓa a wannan ma'ana.

Inda na tsaya shi ne makarantar raba-mako.

Dalilina na farko, Hausa ta riga ta nuna mana yadda take sa wa makarantu suna. Muna da makarantar kwana, muna da ta jeka-ka-dawo, muna da ta dare, mu Kirista muna da ta Lahadi. Duk da lokaci da zirga-zirgar ɗalibi aka raɗa su, babu wanda ya tsaya fassara kalmar wani harshe baƙi da baƙi. Raba-mako ta shiga wannan layi ba tare da ta yi baƙunta ba. Na biyu, ta ɗora yatsa a kan mako, kuma mako shi ne ƙashin bayan tsarin. Ba a raba yini, ba a raba zangon karatu, mako ake rabawa, kuma takardar da ke riƙe da komai ta mako ce. Na uku, ba ta yabo ba ta suka.

Baba Fasto ya yi gyara mai nauyi. Ya ce "raba" na iya sa a ji kamar an raba gida da makaranta, alhali haɗa su aka yi. Ranka ya daɗe, na ji wannan. Amma raba a bakinmu ba kullum take nufin rabuwa ba. Muna raba aiki, kuma ba a raba aiki sai tsakanin waɗanda suka haɗu a kan abu ɗaya. Abin da ke bayan kalmar ne ke nuna wace raba ce, kuma mako ba ya rabuwa da kowa, sai dai a kasa shi. Wanda bakinsa ya saba da sati ya ce raba-sati, babu laifi, ɗaya ne.

Batun Kiristanci kuma, shawarata kada mu cusa shi cikin sunan. A Amurka akwai irin wannan tsari da ba na addini ba, har da wanda gwamnati ke biya a wasu jihohi. Sai mu ce makarantar raba-mako ta Kirista idan ita ake nufi. Kada mu ce ta mishan, domin a tarihinmu makarantar mishan ita ce wadda 'yan mishan ko ikilisiya suka gina suka karɓi 'ya'yan mutane. Wannan kuwa iyaye ne a tsakiyarta, kuma ayar da suka fi kafa hujja da ita tana cikin Maimaitawar Shari'a 6:7, littafin da tsofaffinmu suka sani da Kubawar Shari'a, inda aka umarci iyaye su riƙa koya wa 'ya'yansu a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi.

Sauran ƙananan kalmomin da ke tafiya da ita ba su da gardama sosai. Takardar nan mu kira ta tsarin mako. Manhaja ta fi ta girma, ta shekara ce ko ta zango. Jadawali ya fi ta ƙanƙanta, lokaci kawai yake nunawa, ba ya cewa shafi nawa ko aya wace. Shirin darasi kuma, wanda malamanmu ke kira lesin not, na darasi ɗaya ne kuma malami ke rubuta wa kansa. Tsarin mako wani ake rubuta wa, wanda wataƙila bai taɓa shiga kwalejin horar da malamai ba, shi ya sa dole ya fito ɓaro-ɓaro: buɗe shafi kaza, faɗi kaza, in yaro ya kasa yi kaza. Uwa ko uban da ke koyarwa, malamar gida ko malamin gida. Ajin ɗan shekara 6 ɗin nan kuma aji ɗaya ne kai tsaye, tunda shekarun sun yi daidai da namu, sai a kula kada a haɗa shi da wanda ke gabansa, rabin aji. 'Yan'uwanmu na Nijar za su gane shi da shekarar farko ta firamare.

Ku gwada su a baki ku ji. "'Yarta tana aji ɗaya a makarantar raba-mako." "Yau ranar gida ce, gobe ranar aji." "Malama ba ta turo tsarin mako ba tukuna." Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba, kuma kaka a ƙauye za ta gane rabin maganar kafin a yi mata bayani.

Saura ɗaya da ban samo mata suna ba. Akwai wani tsarin da ke kusa da wannan amma ba shi ba ne: iyayen da ke makarantar gida zalla su haɗu rana ɗaya a mako, sau da yawa a ɗakunan coci, wannan uwa ta koyar da waƙa, waccan ta koyar da kimiyya, kowa kuma ya koma gida ya ci gaba da nasa tsarin. Na yi tunanin "gayyar karatu", tunda taruwa ake yi a taimaki juna da aiki. Malama, ke da Baba Fasto, ku auna mana wannan, ko gayya za ta iya ɗaukar abin da ake maimaitawa kowane mako?