A tilasta wa 'yan takara su fito da takardun harajinsu ko kuwa?

Mai_Tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Jiya gardama ta kaure tsakanina da wani abokina, shi ya dage dole doka ta sa duk mai neman kujera ya baje takardun harajinsa kowa ya gani, ni kuma na ce haraji ai tsakanin mutum ne da hukuma, ina ruwan mai jefa ƙuri'a? Amma da dare na kasa barci ina ta juya maganar. Ku me kuka gani?

Baba_Akawu:
Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya fi ka gaskiya. Mutumin da zai hau kujera ya yanke wa talaka harajin da zai biya, kai ba ka son sanin ko shi yana biyan nasa? Ko a Amurka ma ba doka ba ce, al'ada ce ta samo asali tun lokacin shugaban ƙasarsu Nixon, da asirinsa ya tonu a 1973 cewa abin da ya biya a 1970 bai kai dala 800 ba alhali albashinsa dala 200,000 ne. Daga nan yawancin masu neman shugabancin ƙasa suka riƙa fitarwa da kansu, har Trump ya zo a 2016 ya ce shi ba zai fitar ba wai ana binciken takardunsa, kuma ba wanda ya iya yi masa komai tunda ba dokar da ya karya. Sai a 2020 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa dala 750 kacal ya biya wa gwamnatin tarayya a 2016, haka ma a 2017. Abin da aka bari wa kunya, ranar da mara kunya ya zo shikenan.

Uwar_Biyu:
Baba ka yi haƙuri amma ni ban yarda takardar nan za ta kama ɓarawo ba wlh. Abin da mutum ya ga damar rubutawa shi ke ciki. Wanda ya sa gidaje da sunan matarsa da ƙaninsa, ko ya kai kuɗi wata ƙasa, takardarsa sai ta fi ta kowa tsafta. Kuma akwai sirrin iyali a ciki, me ya haɗa mata da yara da siyasarsa?

Dan_Lauya:
Hajiya ai ana iya rufe bayanan iyali a bar alƙaluman. Matsalar ita ce dokar kanta. Jihar California ta Amurka ta gwada a 2019, ta ce sai ka kawo takardun shekara 5 kafin sunanka ya hau takardar zaɓen fidda gwani, kotun ƙolin jihar ta soke ɓangaren da ya shafi masu neman shugabancin ƙasa a shekarar saboda ya saɓa wa kundin tsarin mulkin jihar. Ni Norway ta fi burge ni, can harajin kowa a fili yake ba na ɗan siyasa kaɗai ba, sai dai in ka leƙa na wani shi ma zai ga sunanka lol.

Baba_Akawu:
Uwar_Biyu 'yata, ai ƙaryar ma amfani gare ta. In ya rubuta samunsa kaɗan ne kuma ga shi yana kamfen da jirgin sama, ɗan jarida ya samu abin tambaya ke nan, ya sa hannu kuma ba damar musu.

Mai_Tambaya:
Hmm Baba wannan ta shige ni. To amma wa zai kafa dokar, ba su ɗin ne dai a majalisa ba?