Gudun furosesa na ya ƙi tsayawa waje ɗaya bayan na yi obaklok

Sabon_Mai_Haɗi:
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman taimako. Da kaina na haɗa kwamfutar nan, furosesa i5-9600K a kan madabod Z390, wata shida ina tara kuɗin kayan. Jiya na yi obaklok, wato ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda ya zo: na shiga BIOS (saitin madabod) na kai maltifilaya (lambar da ake ninka gudu da ita) 48, boltej 1.30, ta tashi lafiya lau. Amma da na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna gudun furosesa, sai na ga lambar tana ta tsalle, yanzu 4790 MHz anjima 800, ko minti ɗaya ba ta zama. Na kunna Prime95, manhajar gwaji mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, sai lambar ta sauka 4500, bayan ɗan lokaci ma har ƙasa da haka. Wlh ban yi barcin kirki ba, tsoro nake ko na lalata furosesan ne.

Mai_Janareta:
Wslm. Anya ba wuta ba ce? In wutar unguwarku ba ta da ƙarfi ko kana kan janareta ai komai rawa yake yi, ka gwada sa stabilaiza.

Gyaran_PC:
A'a malam, ba daga nan take ba. Fawa saflai ɗin cikin kwamfutar ita ke maida wutar bango zuwa 12V tsayayye, in wutar ta yi muni sosai kwamfutar mutuwa za ta yi ko ta sake tashi, ba ta rage gudu ba.

Ɗan uwa kwantar da hankalinka, ba abin da ka lalata, abubuwa daban-daban ne suka haɗe maka ka ɗauka ciwo ɗaya ne. Wannan 800 ɗin da kake gani lokacin da ba ka aikin komai, haka Intel suka tsara shi, SpeedStep da C-States ne ke sauke gudu da boltej in furosesa na zaune, da ka taɓa maus ko ka buɗe burauza sai ya harba sama cikin ƙiftawar ido. Windows ma a tsarin Balanced tana ba shi damar sauka. In ka sa High Performance za ka ga ya kafe a sama, amma ni dai ba na ba da wannan shawarar, kana ƙona wuta kana tara zafi ne a banza alhali ba abin da ya ƙaru. Shi kuma 4790 maimakon 4800, asalin agogon madabod 100 MHz ne ake ninka shi sau 48, to ba cif yake zama ba, in ya karanta 99.8 ka ga lissafin ya ba ka wajen 4790. Spread Spectrum na jawo hakan, ba matsala ba ce ko kaɗan.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne saukar da yake yi yana tsakiyar aiki. 4500 ɗin nan ta yi daidai da yawa, ina zargin AVX Offset ɗinka yana kan 3, ma'ana duk lokacin da manhaja ta yi amfani da umarnin AVX (na lissafi mai nauyi) sai a cire 300 MHz, kuma Prime95 na amfani da shi sosai. Wanda ke faruwa daga baya kuwa ko zafi ne ko iyakar wuta. Furosesan nan in ya kai digiri 100 da kansa yake ja baya don kar ya ƙone, sannan ƙa'idarsa watt 95 ce, in madabod ɗin na bin ƙa'idar zai bar shi ya wuce na ɗan lokaci sai ya dawo da shi ƙasa. Ka sauke manhajar HWiNFO64, ka kunna gwajin, ka duba layin Thermal Throttling (na zafi) da na Power Limit Exceeded (na iyakar wuta), wanda ya koma Yes shi ne mai laifin.

Hajiya_IT:
Ƙarin bayani kan maganar oga. Ka tuna masu bidiyon da kake kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi suke gwajinsu, mu kuma a watan Afrilu ana kai digiri 40 a waje, to kula (na'urar sanyaya furosesa) ɗaya ba za ta ba ku sakamako ɗaya ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarafunan kula. Kuma ka duba zafin VRM, waɗannan da ke kewaye da soket ɗin masu ba furosesa wuta, in suka yi zafi su ma suna sa shi ya ja baya ko da shi kansa bai kai 100 ba. Wace kula ka sa?

Sabon_Mai_Haɗi:
Allah ya saka da alheri, na duba. AVX Offset 3 ne kamar yadda ka faɗa oga. Thermal Throttling ya koma Yes bayan kamar minti huɗu, kwa (sassan da ke aiki a cikin furosesa) biyu sun taɓa digiri 100, Power Limit kuma No. Hajiya kular ƙarama ce mai fanka ɗaya, da na cire ta sai na tarar man da na shafa tsakanin furosesa da kula ya taru gefe guda, rabin saman furosesan a bushe yake ƙarfe tsirara, ashe ban ɗaure sukurori biyu sosai ba. Na goge na sake shafawa, na maida maltifilaya 46 boltej 1.25, yanzu awa ɗaya kenan gwajin na tafiya zafin bai wuce digiri 84 ba.

Gyaran_PC:
Madalla. Bar shi a 46 ɗin tukuna har ka samu babbar kula, kuma ka sake gwajin da tsakar rana wajen ƙarfe biyu, ba da dare ba, ka turo mana abin da HWiNFO ya nuna.