K da J a hannuna, an riga ni ƙara zubi: in bi ko in ajiye?

Mai tambaya, daga Gombe:
Assalamu alaikum. Ni da abokan aikina mukan buga Texas Hold'em (wasan karta da ake raba wa kowa katuna biyu, a buɗe wasu biyar a tsakiya na kowa da kowa) a waya bayan sallar isha'i, da kwabban wasa da manhajar take bayarwa kyauta, babu mai zuba ko sisi a cikinmu. Muna buga mai ƙayyadadden zubi ne, ta 2 da 4. Katunan da suke ɗaure mini kai su ne waɗanda ba su kai ƙarfi ba, amma zuciya ba ta yarda a ajiye su, kamar K da J masu bambancin iri, ko tagwayen 5. Duk lokacin da na farkon layi, wato wanda yake fara magana, ya ƙara zubi zuwa 4 nakan bi shi, kuma kwabbaina sai zurarewa suke yi. Ina kuskuren yake?

Amsa daga wani malamin lissafi a Bauchi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren yana cikin bin da kake yi. Wanda ya ƙara zubi alhali mutane da yawa ba su yi magana ba tukuna, yawanci manyan tagwaye ne a hannunsa, ko A da K, ko A da Q, ko K da Q. Idan K da J ɗinka suka gamu da A da K, kusan sau ɗaya cikin huɗu kawai za ka ci, kuma abin takaicin shi ne ranar da K ta fito a tsakiya ita ce ranar da za ka fi yin asara, domin kana ganin kai ne a gaba, za ka yi ta biya har katin ƙarshe.

Dubi farashin kuma. Zubin dole shi ne wanda mutum biyu suke sawa kafin a raba katuna: ƙaramin 1 ne, babban 2, mai ƙari ya sa 4, jimla 7. Kai da za ka shigo daga waje 4 za ka biya, wato kana bukatar cin kashi 36 cikin ɗari kafin ka fita kunya. A wannan matsayi ni dai ko in sake ƙarawa zuwa 6, ko in ajiye, kuma K da J ajiyewa nake yi.

Amsa daga Azare:
Malam ya yi gaskiya, sai dai akwai wurin da hukuncin yake sauyawa. Idan kai ne mai babban zubin dole, 2 kawai za ka cika a kan 7, abin da bai wuce kashi 22 cikin ɗari ba, don haka ajiye K da J a nan asara ce, musamman idan mai ƙarin yana ƙarshen layi, inda mutane suke ƙari da tarkacen katuna.

Malamin lissafi ya sake cewa:
Na yarda da gyaranka. Saura batun tagwayen 5 da ban taɓa ba: na ukunsu yana fitowa a katuna ukun farko na tsakiya kusan kashi 12 cikin ɗari ne kawai, kuma tun da zubin yana da iyaka, ba za ka iya kwashe kwabban mutum ɗaya a mayar maka da asarar sauran lokutan ba. Sai mutum uku ko huɗu sun riga sun shiga nake bi da su.

Mai tambaya:
Na gode muku ƙwarai. A teburinmu kusan kowa bi yake yi, saboda haka tagwayen za su samu abokan tafiya. K da J ɗin ne zan daure in fara ajiyewa daren yau.